Bayan maganin sankarar purostat: aikin da ya rage wa majo da mai gida

A wannan shafi mun saba kawo muku zancen masassarar cizon sauro, da awon ciki, da rigakafin yara, da yadda ake adana wake kada ƙwari su ci. Yau za mu taɓo wata cuta ta dattawa maza, wadda kunya ta hana a ambace ta a fada ko a bakin kasuwa. Sunanta sankarar purostat, wasu kuma su ce ciwon daji. Kada ɗalibanmu na yaƙi da jahilci su rikita ta da sanƙarau. Sanƙarau, da ƙ mai ƙugiya, shi ne ciwon da ke sandarar da wuya lokacin rani da bazara. Sankara kuwa, da k marar ƙugiya, tsiro ne da ke fita cikin jiki yana yaɗuwa.

Wanda ya fi damunmu yau shi ne mutumin da aka riga aka yi wa magani a babban asibiti, aka miƙa masa takardar sallama, ya hau mota ya koma garinsu. Dangi sun zo barka, an yi sadaka, kowa ya watse. Daga ranar nan wata jinya ke farawa, mai tsawon watanni ko shekaru, kuma babu likitan fiɗa a kusa. Wanda ke kusa shi ne malamin jinya na gidan likitan karkara, wato CSI, wanda muka fi sani da majo.

Mene ne purostat?

Purostat wani ɗan ƙullin nama ne da kowane namiji ke da shi. Yana ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar da fitsari ke bi, girmansa kamar goro madaidaici. Aikinsa shi ne samar da wani kashi na ruwan maniyyi. In shekaru suka ja, musamman bayan 50, yakan kumbura ya matse hanyar fitsari. Yawancin wannan kumburi tsufa ne kawai, kuma yana da magani. Amma wani lokaci sankara ce ke tsirowa a cikinsa, in an bar ta kuma takan tafi cikin ƙashi.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano cutar a jikin maza kusan miliyan 1 da rabi a duniya, ta kuma yi ajalin kusan dubu 397. Baƙar fata ta fi kamawa. A Ingila an lissafa cewa cikin maza baƙar fata 4, 1 zai gamu da ita a rayuwarsa, alhali cikin maza gaba ɗaya 1 ne cikin 8.

Ana maganinta da aikin fiɗa, a cire purostat ɗin baki ɗaya, in cutar ba ta fita daga cikinsa ba. Ana kuma gasa ta da hasken na'ura. Wannan gashi sai a shekarar 2021 aka samu na'urarsa a ƙasarmu, a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai. Kafin nan sai mutum ya fita waje. Hanya ta uku ita ce a rage sinadarin mazakuta da cutar ke ci da shi, ta allura ko ta ɗan aiki a maraina. A ƙasashenmu na Afirka maza da yawa ba su zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa, shi ya sa hanya ta uku ta fi yawa. Ita ba ta tumɓuke cutar, amma takan danne ta shekaru, mutum ya ci gaba da harkokinsa.

Don me majo?

Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Daga Maraɗi fiye da 650, daga Tawa wajen 550, ban da tafiyar da mutum zai yi daga ƙauyensu kafin ya kai tasha. Dattijon da fitsari ke zubo wa ba zai riƙa wannan zirga-zirga duk wata ba don tambayar da za a amsa masa cikin minti 5. Sai ya yi shiru, ya haƙura, har ranar da abin ya ci tura.

Ƙasashen da suka fi mu yawan likitoci ma sun gane cewa ba kowace damuwa ke bukatar likitan fiɗa ba. A Suwidin an yi gwaji da maza 400 masu wannan cuta, aka buga sakamakonsa a shekarar 2000. An raba su biyu. Rabi suka ci gaba da zuwa wajen likita a ranakun da aka sa musu, rabi aka haɗa su da malamar jinya mai horo na musamman, su neme ta in suna da damuwa. Da aka duba, waɗanda ke hannun malamar jinya ba su fi shiga haɗari ba, ba su fi ƙorafi ba, kuɗin da aka kashe musu kuma ya fi ƙanƙanta. A Ostireliya tun 2012 akwai ma'aikatan jinya da ba su da wani aiki sai kula da masu wannan cuta da iyalansu. A Ingila kuwa asibitoci da yawa ba su ƙara kiran mutumin da jikinsa ya daidaita: a ɗebi jininsa kusa da gida, ma'aikacin jinya ya duba sakamako, ya aika masa da saƙo.

Ba mu da irin kuɗinsu, amma irin wannan aiki ba baƙo ba ne a hannun ma'aikatan jinyarmu, waɗanda yawancinsu suka fito daga makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram. Su ne ke bin mai tarin fuka wata 6 yana shan magani, suna rubutawa a littafi, in ya ɓace su aika a nemo shi. Su ne ke auna masu hawan jini da masu ciwon sukari. Abin da majo ke bukata don ya riƙe mai sankarar purostat shi ne ya san abin da aka yi masa, da abin da ake jira, da lambar tarhon da zai kira in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Majo ba ya canza maganin da likita ya rubuta, ba ya kuma yanke hukunci shi kaɗai a kan sakamakon jini. Shi ne idon likita a ƙauye.

Takardar sallama da ɗan littafi

A tsarin kiwon lafiyar ƙasarmu, in ƙaramin gidan likita ya tura majinyaci gaba da takarda, ya kamata babban asibiti ya maido shi da takarda. Sau da yawa wannan takarda a ƙasan akwati take ƙarewa, tare da takardun gona da katin zaɓe, domin da Faransanci take kuma mai ita bai san darajarta ba. Shawararmu ita ce, cikin makon farko da dawowa, a kai ta CSI ko da mutum yana jin lafiya lau. Kafin a baro babban asibiti kuma, ɗan rakiya ya roƙi likita ya rubuta irin maganin da aka yi, da lambar awon jini ta ƙarshe, da ranar dawowa.

Awon jinin nan sunansa PSA. Wani sinadari ne da purostat ke zubawa cikin jini, kuma shi ne ke fara nuna ko cutar ta motsa, tun kafin mutum ya ji komai a jikinsa. Ga wanda aka cire wa purostat, bayan mako 6 zuwa 8 lambar kan sauka kusa da sifili. In daga baya ta hau ta kai 0,2 ko fiye, aka sake awo aka tabbatar, lalle likita ya sani. Ga wanda aka yi wa gashi, lambar kan sauka sannu a hankali, wani lokaci har shekara 2, kuma ba ta kai sifili. Abin da ake dubawa shi ne kada ta hau da 2 bisa mafi ƙanƙantar lambar da ta taɓa kaiwa. A shekarun farko akan yi awon duk wata 3 ko wata 6, daga baya a ƙara tazara, yadda likita ya tsara. Ana yin sa a ɗakin awon jini na manyan asibitoci.

A nan ne karatun yaƙi da jahilci ke biyan mai shi. Ku sayi ɗan littafin makaranta, ku ja layi, ku rubuta da Hausa: rana, da lambar PSA, da ranar allura, da abin da ya dami mutum a wannan wata. Ku kula da waƙafi ƙwarai wajen kwafe lamba, domin 0,2 daban, 2 daban, 20 daban. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai sosai. Jerin lambobi 3 ko 4 shi ne ke nuna inda aka dosa, kuma majo na iya karanta wa likita su ta salula ba tare da kowa ya hau mota ba.

Zancen fitsari

Wannan shi ne abin da ya fi ƙuntata wa dattijo, shi ne kuma ba ya faɗi. In majo ya ce «ina gajiya, yaya jiki?», amsar da zai samu ita ce «da sauƙi», ko da wandon mutum a jiƙe yake. Ma'aikatan jinya da yawa kuma mata ne, sa'o'in ɗiyan mai jinyar. Don haka sai an sallami jama'a, an tura ƙofa, an yi tambaya mai lamba: «Baba, sau nawa kuke tashi da dare? Tsumma nawa kuke canzawa a wuni?» Dattijon da ba zai iya cewa yana yoyon fitsari ba zai iya cewa «4 ne, ɗiyata». Wata mai zuwa in ya ce 2, shi da kansa zai ga an ci gaba.

Bayan an cire purostat, maza da yawa kan yi yoyon fitsari, musamman in sun yi tari, ko atishawa, ko sun miƙe daga tabarma. Dalili shi ne naman da ke riƙe bakin mafitsara ya taɓu lokacin aikin. Ga mafi yawansu abin na raguwa cikin wata 3 zuwa shekara 1. Akwai motsa jiki da ke gaggauta sauƙin, wanda wani likitan Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana a 1948 domin mata masu haihuwa, daga baya aka ga yana amfanin maza. Mutum ya matse naman ƙasansa kamar mai riƙe tusa cikin jama'a, ba tare da ya ɗaure ciki ko ya riƙe numfashi ba. Ya ƙirga 5, ya saki ya ƙirga 5, ya yi haka sau 10. In ya saba, ya kai ƙirgan zuwa 10. Sau 3 a wuni ya isa, kuma don kada a manta ana iya haɗa shi da bayan asuba, da bayan azahar, da bayan lisha. Babu mai ganin ana yi. Sai dai ba a yin sa in robar fitsari na jiki, ba a kuma mayar da tsayar da fitsari ana cikin yinsa al'ada. Sai an jure makonni kafin a ga amfaninsa, a nan ne mutane ke karaya, a nan ne kuma tunin majo ke da rana. In shekara ta cika yoyon bai ragu ba, a koma wa likita, akwai sauran dabaru.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya daina shan ruwa don kada ya jiƙe. A zafin watan Afrilu da Mayu wannan haɗari ne ga ƙoda, kuma fitsarin da ya yi kauri ya fi tsokanar mafitsara. A sha ruwa da rana, a rage da dare. Abin da ya kamata a rage shi ne shayi mai kauri, da kofi, da goro, domin suna sa mafitsara gaggawa. Mun san raba dattijo da goro ba ƙaramin aiki ba ne. Ko rabi ya rage zai ga bambanci. Tsumman da ake sawa ya zama na auduga, a wanke da sabulu, a shanya a rana, a shafa man basilin a fatar don kada ta saɓule.

Wasu kan dawo gida da robar fitsari, wadda ma'aikata ke kira sondi. Bayan fiɗa takan yi mako 1 ko 2 ne a cire. Wasu kuma sukan daɗe da ita, sai a riƙa canza ta a ranar da aka rubuta, kada a bari ta wuce. Jakar ta kasance ƙasa da mara kullum don kada fitsari ya koma ciki, amma kada ta ja ƙasa. A wanke hannu kafin a zubar, a wanke bakin gaba da ruwa da sabulu kowace rana, kada a ja robar, kada wanzami ko wani mai dabara ya taɓa ta.

Akwai dattawan da suka bar sahun masallaci sabili da wannan lalura, suna ganin ba su da tsarki. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya yi maganar mai yoyon fitsari, ya nuna an so ya sabunta alwala a kowace salla, kuma malamai sun bayyana cewa yoyon da ya lizimci mutum mafi yawan lokaci ba ya karya alwala. Mai wannan hali ya sami limaminsa a keɓe ya tambaye shi, har da hukuncin azumi ga marar lafiya. Majon da ya san liman ya kan sami sauƙin aikinsa.

Tsakanin miji da mata

Jijiyoyin da ke tayar da gaba suna manne da purostat. In an yi fiɗa ko gashi sukan taɓu, ƙarfin gaba ya ragu ko ya ɓace. Ga wasu yakan dawo cikin shekara 1 ko 2, ga wasu ba ya dawowa kamar da. Wanda aka cire wa purostat ba ya ƙara fitar da maniyyi ko da ya ji daɗin saduwa, ba ya kuma ba da ciki ta hanyar da aka saba. Ya kamata a faɗa wa mutum wannan tun kafin aiki, a sake faɗa masa bayan ya dawo, domin a ranar farko tsoro ba ya barin kunne ya riƙe magana.

Mun san yadda ake fassara irin wannan a gidajenmu. Sai a ce ɗauri ne, a zargi uwargida ko amarya, a kashe kuɗin tunkiya wajen karya sammun da babu shi, wani lokaci har aure ya mutu. In mai gida ya yarda, majo ya zauna da shi da matarsa, ko matansa ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana musu cewa aikin da aka yi ne ya jawo haka. Su sani kuma cewa cutar ba ta yaɗuwa ta kwanciya, ko ta ƙwaryar fura, ko ta tufafi. Wanda aka gasa da hasken na'ura daga waje ba ya ɗauke da hasken a jikinsa, yana iya ɗaukar jikokinsa.

Akwai ƙwayoyin da likita ke rubutawa, irin su sildenafil, masu taimakon wasu. Amma suna da haɗari ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya, domin jininsa na iya faɗuwa farat ɗaya. Maganin ƙarfin maza na masu talla a tasha da kasuwa kuwa, babu wanda ya san abin da ke ciki. A ƙasashe da dama an kama irinsa an cakuɗa da ƙwayoyin asibiti ba a rubuta ba. Wanda ke ɗauke da sinadarin mazakuta kuma taki ne ga cutar.

Allura, ƙashi da aikin gona

A shekarar 1941 likita Charles Huggins na birnin Shikago ya nuna cewa in aka hana wannan sankara sinadarin da maraina ke yi, takan lafa. Wannan ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966, kuma har yau da wannan ilimi ake aiki. Allurar akan yi ta duk wata, ko duk wata 3, ko wata 6, bisa ga irinta. In ranar ta wuce da yawa sinadarin kan dawo, cutar ta farka. Ga wanda ba zai iya sayen allura shekara da shekaru ba, likita kan ba da shawarar aikin maraina, wanda sau ɗaya ake yi. Shawara ce mai nauyi, kuma masu baƙar magana ba su rasa abin faɗi. A sani dai muryar babban mutum ba ta canzawa sabili da wannan aiki, kuma sirrinsa amana ne a wuyan ma'aikacin jinya.

Ko allura ko aiki, abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne. Zafi kan taso wa mutum daga ƙirji zuwa fuska da gumi, ya wuce cikin ƴan mintoci, ba masassara ba ce. Sha'awa kan ragu, tumbi ya ƙaru, nono ya ɗan kumbura, ƙashi ya yi rauni, sukari da hawan jini su samu ƙofa. Sikeli da abin awon jini suna nan a CSI, sai majo ya riƙa aunawa duk zuwan mutum, ya tura shi awon sukari lokaci lokaci. Wani kuma zuciyarsa ce ke ɓaci: ya daina fita fada, ya riƙa faɗa da iyali, barci ya ƙaurace masa. Wannan ma daga cikin jinyar yake, a faɗa wa majo.

Bayan fiɗa, mako 6 na farko ba na ɗaukar dami ko buhu ba ne, ba na jan guga ba, ba na hawan jaki ko kabu-kabu a hanya mai gargada ba. Tafiyar ƙafa kuwa tun kwanakin farko ake so, kullum a ƙara kaɗan. In damina ta riski mutum cikin wannan hali, ƴaƴa da maƙwabta su yi masa gayya. Amma in makonnin sun wuce, likita ya ba da izni, kada iyali su ɗaure shi a tabarma da sunan tausayi. Bincike ya nuna cewa gajiyar da allurar ke kawowa motsi ne ke rage ta, zama kuma na ƙara ta, ƙashi ma da aiki yake ƙarfi. Ya je gona da sanyin safiya, ya yi abin da zai iya, ya dawo kafin rana ta take. Ban ruwa a garka, da kiwon ƴan awaki, da saƙar igiya, duk aiki ne.

Abincin da ƙashi ke so yana cikin gidajenmu: nono, da cuku, da miyar kuka, da zogale, da wake, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Ganye da ruwa suna hana taurin bayan gida, wanda yunƙurinsa ke ƙara yoyon fitsari. Wanda aka gasa kuma wani lokaci zawo ne ke damunsa, ko ɗan jini a bayan gida, sai ya rage yaji ya kuma sanar. Taba dai a bar ta.

Abin da ba ya jiran gari ya waye

In fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura tana ciwo, ko roba ta toshe sa'o'i babu abin da ke sauka, a tafi gidan likita nan take. Haka in zazzaɓi da rawar ɗari suka kama mai roba a jiki. Ana iya auna masassarar sauro, amma a tuna ƙwayoyin cuta kan bi roba su shiga jini. Jini mai gudaji cikin fitsari, kada a ce tsargiya ce a sha magani a zauna. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya bayan fiɗa, shi ma na gaggawa ne.

Wanda muka fi so kowa ya riƙe shi ne wannan: sabon ciwon baya mai tsanani, wanda ke hana barci, tare da nauyin ƙafafu, ko mutuwar jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ko kasa riƙe bayan gida. Alama ce cutar ta danne lakar gadon baya. A nan kwana ɗaya na iya raba mai tafiya da gurgu. Ba a kai shi wajen mai ɗori, ba a yi masa ƙaho ko tsaga. Majo ya kira babban asibiti, a nemi mota a ranar.

Ciwon ƙashi na yau da kullum kuma yana da magani hawa hawa, daga farasetamol har zuwa morfin. Tramol na bakin titi da ƙwayoyin ciwon jiki da ake sha barkatai suna ɓata ƙoda da ciki, su kuma ɓoye alamar da majo ke bukatar gani. A Yuganda tun 2004 doka ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman iznin rubuta morfin na ruwa, don mutanen karkara su samu sauƙin ciwo a gidajensu. A ganinmu wannan misali ne da ya cancanci magabatanmu na kiwon lafiya su dube shi da kyau.

Kuɗi, da sauran mazan gidan

A shekarar 2007 gwamnati ta yi dokar da ta sa maganin sankarar mata kyauta. Abu ne mai kyau, amma dokar ba ta ambaci ta maza ba. Kuɗin mota, da awon jini, da allura, yawanci daga rumbu da garke suke fitowa. Tun da ranakun a rubuce suke cikin littafi, iyali na iya lissafin shekara tun da kaka, su ware abin da za a sayar, maimakon su karyar da akuya ranar da tafiya ta taso. A roƙi likita ya haɗa awon jini da allura a tafiya ɗaya, in zai yiwu kuma a yi awon a asibitin jaha mafi kusa, a aika da lambar ta salula.

Cutar kan bi jini. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na ciki ɗaya ya yi ta, haɗarinsa ya kai ninki 2 na sauran maza. Sabili da haka ɓoye sunanta ga ƴaƴa da ƙanne ba gata ba ne. Namijin irin wannan gida, in ya kai shekara 45, ya je ya ga likita ko da fitsarinsa lafiya lau yake, domin a farkonta ba ta nuna alama. Ya faɗa wa likita wanda ya yi cutar a gidansu da shekarun da ta kama shi, a rubuta masa a karnensa.